Ranar da Aka Maido Awakin Inna

Mun binne Inna, uwar maigidana, a farkon watan Kirsimeti. Washegari awaki suka fara shigowa gidanmu.

Muna zaune ƙarƙashin rumfar da aka kafa a tsakar gida, matan zumunta na majami'armu sun gama waƙa, idon kowa ya kumbura, sai muka ji sallama, muka kuma ji kukan akuya a bayan sallamar. Wata mata ce daga Araba, tana janye da jar akuya da 'ya'yanta. Ta durƙusa ta gaishe mu.

"Sannunku da rashi. Allah shi ba ku haƙuri," in ji ta. "Wagga ta tsohuwa ta. Ta ba ni riƙon uwar akuyar ga tun ina goyon ɗana na hwari. Na maido, ba ni son in kwana da kayan mamaci."

Ba ta tashi ba wani malami daga Gidan Katta ya iso a kan babur, da akuya kwance a cinyarsa. Bayansa wasu Fulani mata, bayansu wani mutumin Ƙonni ta Nijar da ya tsallako iyaka da ƙafa, janye da tasa akuyar. Yaya, wan maigidana, ya tambaye shi yadda ya yi da masu tsaron iyaka.

"Sun ce ina takardarta," in ji shi. "Na ce ku bari, ta'aziyya ta zo."

Kafin rana ta karkata tsakar gidan ta cika. An ɗaure wasu a jikin dogon yaro, wasu a ƙafar rumfa. Wani bunsuru ya cinye gefen tabarmar Fasto, Fasto yana kai yana addu'a bai sani ba. Hajiya, maƙwabciyarmu da ta yi zaman shekaru da Inna katanga ɗaya, tana kuka tana dariya tana share ido da bakin mayafi.

"Ku dubi matar ga," ta ce. "Ta mutu ma ba ta bari unguwa ta huta ba."

Duk wanda ya kawo akuya maganarsa ɗaya ce: amana ce, mai ita ta rasu, dole a maida wa magada. Na ga mutanen da ba su da komai a gida sai wannan akuyar, suka kwance ta da hannunsu suka kawo. Wata yarinya ta biyo uwarta tana riƙe da jelar akuyar tana kuka. Ni kuwa ina zaune a bayan mata, 'yata a cinyata, ni kaɗai a gidan nan na san kuskure suke yi.

Ni ba mai ilimi ba ce, ban ƙare firamare ba. Ina rubuta wannan kaɗan-kaɗan idan yarinya ta yi barcin rana, saboda ranar da za ta tambaye ni wace ce kakarta. Ba na so in ce mata "mutuniyar kirki ce" in yi shiru. Ana faɗar haka a kan kowane kabari.

Inna gajeruwa ce, mai jan haƙori saboda goro. Ba ta iya waƙa ba, amma ba ta taɓa yarda ba ta iya ba. Idan tana tatsar akuya takan rera waƙoƙin sujada da muryar nan tata mai kaucewa, ta ce nono ya fi zuba idan akuya ta ji yabo. Kowace akuya da sunan da ta laƙa mata: akwai Mai-unguwa, akwai Amarya, akwai wata mai tsallake katanga da take kira 'Yar Sumoga. Ni kuma ta sa min Uwar Fargaba.

Ba ta yi ƙarya ba. Ɗana na fari ya rasu bai kai ga tafiya ba, zazzaɓi ya ɗauke shi ina riƙe da shi. Tun daga nan ban ƙara zama daidai ba. Da na haifi wannan yarinyar, ko tana barci sai na sa yatsa a hancinta in ji numfashi. Idan ta yi tari sau ɗaya na ɗauki mayafi. Inna takan hango ni daga bakin ɗakinta ta ce, "Uwar Fargaba, an gama duba numfashin? To zo ki riƙa min ƙwarya." Amma ba ta taɓa cewa in daina ba. Wata rana na leƙo na same ta ita ma sunkuye a kan yarinyar, yatsa a hanci. Da ta gan ni ta ce ƙuda take kora.

Tana da wani hali da ya daɗe yana ba ni haushi. Ba a yi mata kyauta ta zauna. Na taɓa sayo mata ɗankwali a kasuwar Lahadi, na zaɓa na zaɓa, kwana kaɗan na gan shi a kan mai tallar nono. Da Kirsimeti takan dafa shinkafa a babbar tukunya, kwanoni su fita gida-gida har ta rasa wanda za ta ci a ciki. Idan Sallah ta zo Hajiya ta aiko da nama, sai Inna ta leƙa ta katanga.

"Maƙwabciya, ragon naku bai da hanta na?"

"Ke da ba ki yi azumi ba, hanta ta mi?"

"Na taya ku jin yunwa da ido."

Sai ka ga hanta ta biyo ta kan katanga a cikin murfin kwano.

Lokacin da 'yata ta shekara, ciwo ya kwantar da ni, nonona ya ƙafe. Yarinya ta ƙi kunu, ta ƙi komai, wuyanta ya zama kamar tsinke. Na riga na ga wannan hanyar sau ɗaya, na san inda take zuwa. Ina zaune ina kallonta, ko kuka na kasa, sai ga Inna da jar akuya mai sabuwar haihuwa. Ta kafa turke a bayan ɗakina da kanta, ta ɗaure ta.

"Riƙa min wagga," ta ce. "Wurina ya cika."

Ita ta koya min tatsa. Ta koya min in tafasa nonon sosai, in dama kunu da shi, in ba yarinya da ƙaramin cokali ko tana ture shi. A hankali wuya ya ciko. Ranar da yarinyar ta kama igiyar akuyar ta miƙe tsaye da ƙafarta, Inna ta yi guɗa har Hajiya ta leƙo ta tambaya wa aka aurar.

Akuyar nan ta zo da 'ya mace. Na rene ta kamar mutum, harawa da dusa ba ta rasa ba, har ta girma ta ɗauki ciki. Uwar kuwa ta fara tsufa, nononta ya ragu, ga wani tari da take yi da safe. Duk lissafina yana kan ƙaramar: idan uwar ta kasa, ga mai maye gurbinta, 'yata ba za ta rasa nono ba.

Ana saura 'yan makonni Inna ta kwanta ciwonta na ƙarshe, ta same ni a bakin turke da safe. Ta shafa cikin ƙaramar.

"Wagga ta isa tahiya," ta ce. "Kin san tsohuwar ga mai ƙosai bakin tasha? Ɗiyarta ta rasu ta bar mata jika mai rarrahe. Da ruwan koko take renon shi."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

"Inna, ba ki jin tarin uwar? Idan ta mutu fa? Ni in koma ina? Jikarki ce fa wannan, ta jininki. Jikan wata ya fi ta ne?"

"Ban ce ya hi ta ba."

"To ai awakinki ne. Ki kwance duka ki kai, in zauna in zuba ido."

Na juya mata baya ina kuka. Sannan ta jawo turmi ta kifa ta zauna.

"Ba nawa na ba," ta ce. "Tun ran da na ɗaure ta ga turkenki, taki ta. Ba ni da akuya ko guda cikin garin ga, sai waɗanda ka kwana ƙohwar ɗakina."

Na ce, to riƙon da take ba mutane fa?

Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Lokacin da suka zo Illela ita da mijinta, marigayi Baba, baƙi ne, shi yana aikin gini, ba dangi ba sani. Yaya yana jariri ciwo ya ƙafar mata da nono, kamar yadda ya yi min. Wata Bafillatana mai kawo nono unguwar ta ga halin da take ciki. Washegari ta zo da jar akuya ta ɗaure a ƙofa, ta ce a riƙa mata, za su tashi da shanu.

"Ta tahi ba ta komo ba," in ji Inna. "Shekara da shekaru ina jiranta da awakinta, kahin in gane wayon da ta yi min. Ta san in ta ce kyauta, ba ni karɓa, don ba ni da abin tukwici. Mai buƙata shina da kunya, ɗiyata. In kin ce mishi ungo, kin aza mishi kaya. In kin ce taimake ni ka riƙa, sai shi karɓa kanshi a sama."

Tun daga nan take yin haka. Idan akuyar da ta bayar ta haifi mace ta girma, sai ta ce a kai wa wance ita ma ta riƙa mata. Sauran duk na mai riƙo ne, ba ta taɓa tambaya ba.

"Kuma ba Bafillatana ta hwara ba," ta ce. "Ke da kike zuwa sujada, mi kike ji ran Kirsimeti? Da Allah Uba ya aiko Ɗanshi babban mutum da rakiya, wa ka iya miƙa hannu shi karɓa? Da mi za mu yi tukwici? Sai ya aiko shi jariri mai jin sanyi, mai kukan nono, cikin komin dabbobi, ya aza shi ga hannun yarinya awa ke. Awa shina cewa, riƙa min. Kuma har yau bai aiko a karɓe ba."

Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. Na ce, "Amma ai ya karɓe nawa ɗan."

Ta ciro goro ta dube shi ta mayar.

"Na sani. Ni ma na rufe nawa a ƙasar ga, ba guda ba. Ba ni da amsar wanga, kar in yi miki ƙarya. Abin da na sani, jaririn ga da anka ba mu, shi ka riƙon naki yanzu. Kuma shi bai ɓad da abin riƙo."

Ta dafa gwiwa ta tashi. A bakin ɗakinta ta juyo.

"Ni ba ni kwance akuyar da ba tawa ba. In kin kai, ke kin kai. In kin bari, ba ni hushi."

Ban kai ba. Na ce sai uwar ta warke. Inna ba ta ƙara tayar da maganar ba, har a kan gadon ciwo tana tsokanata tana tambaya ko an duba numfashi yau. Ta tafi da rana tsaka, bayan ta sha kunun da na dama mata, ta ce gishirin hannuna ya fara daidaita, alhali ba a sa gishiri a kunu.

To ga awaki cike da gida, ga masu ta'aziyya suna tsallake kashinsu. Ranar Asabar Yaya ya tara mu a rumfa: shi, maigidana, ƙanwarsu, Fasto, da Hajiya da aka ce ta zauna don ta fi kowa sanin Inna. Yaya ba mugu ba ne. Shi ya yi ta ɗawainiyar asibiti, idonsa ya faɗa.

"Gobe kasuwa," ya ce. "A kai su duka a sayar. A gina kabarinta da siminti, a gyara ɗakinta, saura a kai majami'a da sunanta. Biyun da ke bayan ɗakin ƙanena su tsaya, rabonsu ke nan, saboda yarinya."

Kowa ya ce ya yi daidai. Maigidana ya dube ni ya yi murmushi, don ya san yadda nake ji da ƙaramar.

Idan na yi shiru, awakina biyu sun zama nawa da yardar kowa, ba mai sake ce min in kai wa wani. Idan na buɗe baki, dole in faɗi maganar duka, har da inda 'ya mace take zuwa, ga ta kuwa a bayan ɗakina da ciki. Kuma wace ce ni? Ƙaramar suruka, wadda ko a zumunta aka ce ta yi addu'a sai murya ta maƙale. Na dubi 'yata tana wasa da igiya a ƙasa. Sai na tuna waccan yarinyar mai riƙe da jelar akuya. Ita ma tana da uwar da take sa mata yatsa a hanci.

"Yaya, ka yi min aikin gafara," na ce. "Awakin nan ba na Inna ba ne."

Duk suka juyo. Maigidana ya ce, "Ke, mi kike cewa?"

Na faɗa musu. Na yi ta tuntuɓe da magana, na koma baya, na sake. Na faɗi Bafillatana, na faɗi kunyar mai buƙata, na faɗi jaririn da aka aza a hannun yarinya. Fasto ya sunkuyar da kai. Yaya ya ce shi bai taɓa jin wannan ba, kuma mutane da bakinsu suka ce riƙo ne, yaya za a yi ya bar maganar masu kaya ya kama tawa?

Sai Hajiya ta buga cinya ta dubi Yaya.

"Wallahi ɗiyar ga ta yi gaskiya! Kai Babba, kai ba ka tuna ba, mu mun tuna. Jar akuya mai karyayyen ƙaho, ita ta shayar da kai. Har ka yi wayo yaran unguwa na ce maka ɗan akuya, kana jihwarsu da dutse. Ni dai ban san ta mayar da abin sana'a ba. Shekara nawa muna katanga guda, munahukar Allah, ko ni ba ta gaya ma ba!"

Ta fashe da kuka. Yaya ya tashi ya je gindin dogon yaro ya tsaya cikin awakin, ya ba mu baya. Wata ta kama bakin rigarsa tana tauna, bai hana ta ba. Da ya dawo idonsa ja ne.

"A bar simintin," ya ce. "Kowa shi zo shi ɗauki tashi."

Fasto ya sanar a majami'a, mijin Hajiya ya sanar a masallacin unguwa, masu babur suka kai saƙo ƙauyuka. Mutane suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya. Malamin Gidan Katta ya ƙi taɓa igiya sai da magada suka jeru suka faɗa da bakinsu cewa sun bar masa, duniya da lahira. Matar Araba ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. "Ashe duk shekarun ga tawa ta," take ta maimaitawa. "Ni ko ina ta lallaɓa ta kar mai ita ta ga ta rame." Yaya yana gaya wa kowa sharaɗin: 'ya mace ta fari, idan ta girma, ta wuce wani gida.

Ni ba wanda ya ce min komai game da tawa. Ko Yaya, ko maigidana. Da ma sun yi magana, da na sami wanda zan yi wa gardama.

Safiyar Kirsimeti na dafa shinkafa a tukunyar Inna, na raba kwanoni, na miƙa wa Hajiya nata ta kan katanga. Ta buɗe ta ce, "Kazar taku ba ta da hanta na?" muka yi dariya har muka koma kuka. Sannan na goya 'yata, na je bayan ɗaki. Uwar ta yi tarin nan nata. Na tsaya na daɗe. Daga ƙarshe na kwance ƙaramar.

Ba ta so tafiya ba, ni ma haka. Muka bi ta bakin kasuwa tana tirjewa ina ja, yarinya a bayana tana kiranta. A tasha na sami tsohuwar tana kwashe ƙosai daga mai, jikan yana zaune a kan buhu kusa da ita. Na dubi wuyansa. Na san irin wuyan nan.

Tun daga gida na shirya abin da zan ce. Zan ce kyauta ce ta Kirsimeti, daga marigayiya. Amma da ta ga akuyar, ta ga cikin, sai ta fara goge hannu a zane tana waige-waige a kan tirenta, tana neman abin da za ta ba ni. Ba komai a kai sai ƙosai.

"Iya," na ce, "ki taimake ni ki riƙa min wagga. Wurina ya cika."

Ta dube ni. Labari ya riga ya zaga gari, na ga alamarsa a idonta. Sai ta yi 'yar dariya.

"Na ji labarin riƙon gidanku," ta ce. Ta miƙo hannu ta karɓi igiyar. "Kawo, ɗiyata. Ina riƙa miki."

Na dawo gida hannu ba igiya. Uwar tana nan, tana tari da safe, tana ba da ɗan abin da take bayarwa. Ban san abin da zai faru idan ta kasa ba. Har yanzu ina sa yatsa a hancin yarinya, Inna, ban daina ba. Amma jiya ina tatsa na ji kaina ina rera waƙar nan taki, kuma na kauce daidai inda kike kaucewa.

Ki huta a hannun jaririn nan da aka ba mu. Idan kin ga ɗana a can, ki taya riƙo kafin in iso.